Saje Delcho da Ƙunshin Tanyo

Duk wanda ya yi aikin soja na dole a barikin da ke bayan garinmu, daga shekarar 1986 har zuwa lokacin da aka rufe shi, ya san Saje Delcho. Ya kuma san ba wannan sunan ake kiransa da shi a bayan idonsa ba. Kaka ake ce masa. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, gashin bakinsa ya yi fari tun bai kai arba'in ba, ba ya tsawa, ba ya zagi sai ta kama. Abin da ya ja masa wannan suna shi ne abin da yake yi duk jajibirin fita atisaye a duwatsun Rodopi.

Bayan an ci abincin rana sai ya tara kuratansa a filin fareti, ya ce kowa ya shimfiɗa bargonsa a ƙasa ya zazzage jakarsa a kai. Sauran masu igiya uku abin da ke cikin takardar hukuma suke dubawa, wato hular kwano da shebur da gorar ruwa da kwanon ci. Shi kuwa kallo ɗaya yake yi wa waɗannan ya wuce. Sai ya tsuguna ya soma tona da ɗan yatsa.

"Ina safarka ta uku?"

"Biyu aka ce, Saje."

"Wa ya ce?"

"Takarda."

"To in ruwa ya cika maka takalmi sai ka naɗe ƙafar da takardar. Tashi ka nemo."

Safar ulu ƙafa uku yake so, ɗaya a ƙulle cikin leda a cusa a ƙirji, ba a jaka ba. Sai guntun kyandir, da ashana wadda aka tsoma kanta a narkakken kyandir don kada ta jiƙe. Allura da zare a soke su cikin hula. Gishiri a kwalin ashana, sukari a ƙulli, yankin kitsen alade mai gishiri, da tafarnuwa. Tsohuwar jarida kuma ba ta karatu ba ce, ta shimfiɗawa ce tsakanin riga da fata, ko a cusa ta a takalmi ta tsotse laima. Wanda bai da ɗaya daga cikin waɗannan, Delcho yakan ciro masa daga wani tsohon akwatin harsashi da yake ajiyewa a ɗakin kaya, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba.

Kuratan sukan zo da shirme iri-iri. Wani ɗan birnin Sofiya ya taɓa zuwa da kwalbar turare da ƙaramin matashin kai mai hoton agwagwa.

"Wannan fa?"

"Turare ne, Saje."

"Kyarkeci za ka yi wa kwalliya? Da agwagwar?"

"Wuyana ke ciwo in na kwanta a kan jaka."

Aka kwashe da dariya. Yaron ya miƙa hannu zai mayar da matashin gefe, kunya ta kama shi. Delcho ya tare hannun.

"Mayar da shi ciki. Kai za ka ɗauka, ba ni ba."

Abin da kowa ya lura da shi ke nan. Yakan ce a ƙara, amma bai taɓa ce wa wani ya rage ba. Akwai shekarar da wani kyaftin ya ba da umarni a zubar da duk abin da ba na hukuma ba kafin tafiyar gwaji, Delcho ya ƙame ya ce shi bakinsa ba zai faɗi wannan ga yaransa ba, sai dai kyaftin ya faɗa da kansa. An rubuta masa takardar gargaɗi, kuma daga nan bai ƙara samun ƙarin girma ba har ya bar aiki. Kuratan sun ɗauka taurin kan tsufa ne. Ba su san cewa a da ba haka yake ba.

Delcho ɗan mai saran itace ne daga wani ƙauye da ke gangaren dutse. Ya shiga soja kamar kowa yana ɗan shekara goma sha takwas, da wa'adinsa ya cika sai ya ƙi komawa gida, domin a gida gatari ne kawai ke jiransa. A watan Fabrairu na 1985 yana da shekara ashirin da uku, kofur ne mai igiya biyu, idonsa a kan ta uku. A lokacin kam yana da murya. Mutum goma ne a ƙarƙashinsa.

Cikinsu akwai Tanyo, ɗan makiyaya daga ƙauyen Bukovo. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai maganar sanyi, in ka tambaye shi abu sai ya kalli ƙasa tukuna kamar a can amsar take. Saboda girman jikinsa shi aka ɗora wa babbar bindiga mai jigida. 'Yan birni suna kiransa Ɗan Tumaki, shi kuma yana amsawa.

Atisayen ranar ba mai wuya ba ne a takarda. Motoci za su sauke su a gindin dutse da safe, su haye tudun a ƙafa, kilomita ashirin da biyu, su tarar da motocin da tukwanen abinci a ɗaya gefen kafin rana ta faɗi. Laftanar ɗinsu sabon fitowa ne daga makaranta, yana so yaransa su riga na abokin hamayyarsa isa. Ya kira Delcho gefe ya ce a rage kaya. Bai faɗi abin da za a rage ba. Delcho ne ya zaɓa.

"Kowa ya buɗe jaka! Duk abin da gwamnati ba ta ba ka ba, jefa shi bayan mota. Da yamma za ka same shi."

Aka yi ta jefawa ana guna-guni, rigunan sanyi na gida, gwangwanaye, burodin da uwaye suka aiko. Safiyar garau take, sama shuɗi, dusar ƙanƙara na ƙyalli har tana kashe ido. Da Delcho ya iso kan Tanyo sai ya tarar da shi tsaye riƙe da wani ƙunshi na ƙyalle mai zanen ja da fari. A ciki akwai safa ƙafa biyu ta farin ulu, masu kauri, dogaye har gwiwa, da 'yar shara ta ulu, da ƙaramar kwalbar zuma.

"Kofur, bar min safar kawai. Ba ta da nauyi."

"In na bar maka sai na bar wa kowa."

Tanyo ya kalli ƙasa, ya kalli sama. "Garin nan ba na gaskiya ba ne. Ka ji iskar? Ɗumi gare ta, daga kudu take. Babana in ya ji irinta ba ya fitar da dabbobi."

"Kun ji Ɗan Tumaki ya zama mai duba! To mu ba dabbobin babanka ba ne."

Aka yi dariya. Tanyo bai yi ba. Ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"Ƙafa ɗaya kawai, Kofur. Innata ce ta saƙa. Zan sa a ƙirji, ba wanda zai gani."

Delcho ya fizge ƙunshin, ya ɗaure bakinsa, ya wurga shi bayan motar da hannunsa.

Wajen tsakar rana suka zo tsallake wani rafi da ya daskare. Tara suka haye lafiya. Da Tanyo ya taka, da nauyinsa da na bindigar, sai ƙanƙarar ta fashe, ya nutse har gwiwa. Suka jawo shi suna tsokanarsa. Ya zauna kan dutse ya juye ruwan takalmin, ya matse tsumman naɗe ƙafa irin na gwamnati, wanda sojoji ke sawa a madadin safa a lokacin, ya sake naɗawa a jiƙe domin babu wani. Delcho ya ce tafiya za ta busar da shi. Suka ci gaba, Tanyo a can ƙarshen layi, takalminsa na ƙara cakal, cakal.

Ƙarfe uku bai yi ba iskar ta juya. Cikin rabin awa mutum ba ya ganin bayan wanda ke gabansa. Suka rabu da laftanar da sauran rukunin, na'urar magana ta yi shiru, alamun hanya suka binne. Tanyo ne ya zo gaba ya ce su bi shi, a irin wannan kwarin makiyaya ba sa rasa garke. Ya kuwa same shi, wani ginin duwatsu mai rabin rufi, babu ƙofa. Da ba don shi ba da ba a sami ko ɗaya daga cikinsu ba sai bazara.

Kwana biyu suka yi a wurin. Ashanar da ke jikinsu duk ta sha laima, wadda ta kama kuma itacen ya ƙi ci. Abincinsu yana bayan mota. Suka cure wuri ɗaya a lungun da ke da rufi, suna juya na gefe zuwa tsakiya.

Akwai abu ɗaya da babu wanda ya sani. Da safen nan, bayan ya gama zubar wa kowa da kaya, Delcho ya bar nasa busasshen tsumman ƙafa guda a cikin rigarsa. Ya ce a ransa ai shi kofur ne. A yammacin farko ya ce zai zaga, ya je bayan bango ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafafunsa, waɗanda ɗan gumi ne kawai ya taɓa su. Ya dawo ya zauna kusa da Tanyo, wanda tsummansa ya riga ya ƙame kamar fatar da aka shanya.

Da gari ya waye karo na biyu Tanyo ya daina karkarwa. Sauran suka ji daɗi, suna zaton sauƙi ne. Ya soma murmushi, ya ce zafi yake ji, ya ɓalle maɓallan babbar rigarsa. Su maida, shi ya ɓalle. Ya yi ta kiran tumaki da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya juyo ya dubi Delcho sosai, da idon mai hankali.

"Kofur, rufe ƙofar garken mana. Ƙananan za su sha iska."

"Na rufe, Tanyo."

"Yauwa."

Kafin tsakar rana ya cika. Da yamma mutanen wani ƙauye suka iso da alfadarai. Biyu daga cikin yaran sun rasa yatsun ƙafa. Delcho bai rasa komai ba.

An yi bincike, an rubuta cewa yanayi ne. Ba wanda ya tambayi zancen kayan da aka jefa bayan mota. An mayar da laftanar wani bariki. Delcho kuwa yabo aka yi masa a gaban fareti don ya dawo da mutum tara da rai, kuma da bazara aka ɗinka masa igiya ta uku. Yana kwance a asibiti aka kai gawar Bukovo, bai je ba. Ranar da ya koma aiki mai kula da ɗakin kaya ya kira shi ya tura masa ƙunshin a kan tebur.

"Kowa ya karɓi nasa, saura wannan. Na yaronka ne. Ka san yadda za ka yi da shi."

Tun daga atisayen da ya biyo baya ya soma ji. Ba mafarki ba ne, da rana tsaka ne, ko da rani ne ƙasa a bushe. Suna cikin tafiya a layi sai ya ji a can baya, bayan mutumin ƙarshe, takalmi mai ruwa a ciki, cakal, cakal, ba ya sauri ba ya tsayawa. In ya ƙirga yaransa a wurin hutu sai yatsansa ya wuce na ƙarshe ya nuna fili. Bai taɓa ganin komai ba. Abin da yake yi shi ne ya fita daga layi, ya bari kowa ya wuce, ya ɗan tsaya yana kallon hanyar da suka baro.

"Wa kake jira, Saje?"

"Wuce ka ba ni wuri."

In ya ji ƙarar ta yi nisa sai ya sa a rage sauri. Saboda haka rukuninsa bai taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma bai taɓa dawowa da mai ciwon ƙafa ba.

Ya auri Stanka, mai ɗinki a masana'antar tufafi ta gari. A shekararsu ta uku tana kakkaɓar saman kabad ta ci karo da ƙunshin. Ta jira shi a bakin ƙofa da shi a hannu.

"Wace ce ta saƙa maka wannan? Ba hannun uwarka ba ne, na san saƙarta."

Ya zauna ya gaya mata, amma ya tsallake zancen bayan bango. Ta ɗauko kafur ta zuba a ciki saboda asu.

"Ka kai wa uwarsa, Delcho."

"Bana zan kai."

Kowace bazara takan kwance ƙunshin ta shanya a baranda tare da barguna, ta mayar. Zumar ta daskare ta yi fari. Kowace bazara kuma su yi wannan maganar, da kalmomi kusan iri ɗaya. Sau biyu ya je tashar mota ya dawo. Sau ɗaya har ya shiga motar, ya sauka a gadar bakin gari, ya taka zuwa gida. Gwamnati ta sauya, tuta ta sauya, kakin ya sauya, aka daina tsumman ƙafa aka koma safa. 'Yarsu ta girma tana zaton kayan kakanta ne.

A shekarar 2004 aka rufe barikin, aka sallame shi. Ya yi wata biyu yana zaune a baranda yana kallon dutse. Wata safiya cikin Oktoba ya fito ya tarar Stanka ta ajiye jakarsa a bakin ƙofa, ƙunshin a ciki, da burodi da cuku na hanya. Ta ɗebo ruwa a kofi ta watsa a gabansa kamar yadda ake yi wa mai tafiya.

"Motar ƙarfe takwas. In ka sauka a gada, ka wuce gidan 'yar'uwarka, kada ka dawo min nan."

Bukovo ta zama rabin kango. Bai sha wahalar gane gidan ba, domin fuskar Tanyo na manne a ƙofar waje, a takardar tunawa da mamaci, da hular soja da manyan kunnuwansa. An rubuta shekara goma sha tara da rasuwarsa. A ƙarƙashinta akwai ta bara, da ta bara waccan, an yi ta liƙa wata kan wata har wurin ya yi tudu. Delcho ya tsaya yana kallon yaron da yanzu ya isa ya haifa.

Wata mata ta fito daga lambu, hannunta duk ƙasar dankali. Nedka ce, yayar Tanyo. Ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Ya buɗe bakin jakar, tana ganin ƙyallen ta dafe ƙofa.

"Mayafin teburinmu ne wannan." Ta waiga wajen gidan ta rage murya. "Ka ji ni da kyau, bawan Allah. Jami'in da ya kawo shi ya ce wa Inna duk abin da ta ba shi yana jikinsa, bai ji sanyi ba, barci kawai ya yi. Da wannan maganar take rayuwa. Ka shiga ka gaishe ta, ka ci abinci, ka tafi da kayanka."

Tsohuwa Zlata, mahaifiyar Tanyo, na zaune kusa da murhun ƙarfe, tukunyar wake na tafasa a kai. Ta haura saba'in, yanar ido ta rufe mata gani.

"Wa ke nan, Nedka? Takun baƙo ne."

"Wani ne da suka yi soja tare da Tanyo, Inna."

"Matso, ɗana." Ta laluba ta kama hannunsa, ta bi har kafaɗa. "Gajere. Kai ne kofur ɗin."

"Ni ne, Inna."

"Ya rubuto min labarinka. Ya ce kofur ɗinsu ɗan guntu ne mai son ihu, amma ba mugu ba ne. Zauna. Nedka, zuba masa."

Ya zauna, jakar a tsakanin ƙafafunsa ƙarƙashin tebur. Ya ci waken bai ji ɗanɗanonsa ba. Ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi ko ana samun ruwa a garinsu. Sai da ta ji ya ajiye cokali sannan ta ce:

"Safar da na saƙa masa. Tana ƙafarsa?"

Nedka na tsaye bayan uwar tana girgiza masa kai. Delcho ya buɗe baki.

"Yana sanye da…"



"Bari, kada ka wahalar da kanka," in ji tsohuwar. "Sun kawo akwatin a rufe, sun ce kada a buɗe. Suna fita ubansa ya sa ƙarfe ya ɓalle shi, a ɗakin nan. Ni na wanke ɗana. Na ga ƙafafunsa. Tsumman gwamnati ne a kansu."

"Inna!" Nedka ta zauna a bakin gado. "Shekara goma sha tara kina…"

"Ke kina gidan mijinki, kin iso an rufe. Na ga kin riƙe maganar jami'in, na bar miki ita." Ta juyo da fuskarta wajen Delcho. "Abin da ke cina daban ne. Ranar da zai koma daga hutu mun yi faɗa a kan safar nan. Ya ce 'yan birni za su yi masa dariya, safar ƙauye. Na cusa masa da ƙarfi. Tun daga ranar nake cewa kunyarta ya ji, ya yar a hanya. Ko ya ba wani don a bar tsokanarsa. Ka gaya min gaskiya, kunyar aikin hannuna ce ta kashe shi?"

Delcho ya sunkuya ya ciro ƙunshin ya ɗora mata a cinya.

"Bai yar ba, Inna. Ni na ƙwace. Ya roƙe ni in bar masa. Sau biyu ya roƙe ni."

Yatsunta suka kwance ƙullin. Ta shafa safar daga baki har dunduniya, ta kai hanci, warin kafur ya sa ta kau da kai.

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

"Me ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa."

Ya faɗa mata, kalma bayan kalma, domin babu wadda ta ɓace masa. Da ya zo wurin "Innata ce ta saƙa" sai ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Ya gaya mata zancen iskar kudu, da rafin, da yadda Tanyo ya nemo garken, da sunayen tumakin. Ta gyara masa guda ɗaya da ya faɗa ba daidai ba. Nedka na kuka a hankali, tsohuwar ba ta yi ba.

Da ya so, da ya tsaya nan. Amma ya ci gaba, ya faɗi abin da ko Stanka ba ta sani ba, busasshen tsumman da ke cikin rigarsa, da bayan bango. 

"Da ka ba shi, da ya rayu?" in ji Zlata.

"Ban sani ba. Na tambayi likitoci biyu ba tare da na ce ni ne ba. Ɗaya ya ce wataƙila, ɗaya ya ce a'a."

Ta daɗe tana murza bakin safar.

"Wannan kam ba ni za ka sauke wa ba, ɗana. Na farkon na karɓa, na gode da ka kawo. Wannan ba ni da wurin ajiye shi. Kada kuma ka tambaye ni ko na yafe, don ban sani ba." Ta ɗaga kai. "Ka iya faskare?"

"Ɗan mai saran itace ne ni."

"Akwai kututture a bayan gida tun bazara, mijin Nedka bayansa ya lalace. Motarka sai ƙarfe huɗu."

Ya tuɓe riga ya yi ta faskare har direba ya yi oda a dandali.

Shekara biyar yana zuwa, kowane Oktoba, ya kwana uku a ɗakin ajiyar dankali, ya faskara musu itacen hunturu ya jera. Zlata takan sa a fito mata da kujera ta zauna kusa, tana jin saran, tana ce masa ya yi manya da yawa ko ƙanana da yawa. Wani lokaci ta tambaye shi wani abu game da Tanyo, ko yana cin abincin bariki, ko ya taɓa zancen wata yarinya. Ba su sake taɓa ɗaya maganar ba. Stanka ta taɓa tambayarsa ko har yanzu yana jin takun. Ya ce tunda ba layi yanzu, ba kullum ba, amma in ya hau tudu shi kaɗai yana nan.

Zlata ta rasu a Janairun 2010, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, bai samu jana'iza ba. Ya je ranar cika kwana arba'in. Mutum bakwai ne a makabarta har da limamin coci. Nedka ta ba shi dafaffiyar alkama a kofi, wadda ake rabawa don tunawa da mamaci, ya ci a tsaye. Ta ce za su rufe gidan su koma wurin ɗansu a birnin Plovdiv, babu abin da ya rage musu a nan.

Sai da suka dawo bakin ƙofa sannan ya iya tambaya.

"Ta faɗi wani abu a kaina?"

Nedka ta yi tunani, ba ta so ta ƙara ko ta rage.

"Kwana biyu kafin ta cika ta ce in ka zo in gaya maka ƙotar gatarin ta yi sako-sako, kada ka yi sara da shi sai ka gyara. Shi ke nan abin da ta ce."

Itacen da ya faskara a kaka ko rabi ba a ƙona ba. Nedka ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Akwai wani tsoho a ƙarshen layin, shi kaɗai a gida, Delcho ya ari baro ya yi ta kai masa, sawu goma sha ɗaya a cikin laka. Motar ƙarfe huɗu ta tafi ta bar shi. Ya sauka a ƙafa zuwa babban titi, kilomita bakwai, ya samu wata motar katako ta rage masa hanya.

Yanzu gadi yake yi a wata masana'antar yankan katako a bakin gari, kwana huɗu a mako. Gwiwoyinsa sun soma ba shi wahala. Bai sake zuwa Bukovo ba, an ce ma motar ta daina hawa can.